Jirgin da Aka Hana Gudu

Lorne Tackaberry bai taɓa yin arziki ba, bai ma taɓa sa rai ba. Ƙarfinsa duk ya ƙare a ƙarƙashin motocin ɗaukar 'yan makaranta, yana kwance rigingine baƙin mai na ɗiga masa a goshi, har ya yi ritaya ba wanda ya san da zamansa sai direbobi. Amma rana ɗaya a shekara, ranar baje kolin tsofaffin jiragen ruwa na katako a bakin tafkin Muskoka, attajiran Toronto masu tsibiran kansu sukan tako har inda yake, su miƙa masa hannu, su kira shi da sunansa. Ba wai farin jini gare shi ba. Ƙasan jirginsa suke zuwa gaisarwa.

Surukinsa ne ya ƙera jirgin, Angus Pirie, mahaifin matarsa Verna, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Mutumin bai iya zane a takarda ba. Da wuƙa yake sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi a tafin hannunsa, ya yi ta juya shi a hasken taga, sai ya gamsu sannan ya auna ya fitar da babban. Haka wannan ya fito, dogo siriri, na jan katakon maɗaci, inji a gaba, mazaunai can baya, an rubuta sunan matar Angus, Isobel, da ruwan zinariya. Akwai sauran irinsa a tafkin, amma duk an sauya musu ƙasa, an ɓamɓare tsohon katako an manna sabo da gam ɗin zamani wanda ruwa ba ya ratsawa. Na Lorne kaɗai ne har yau yake kan katakon da Angus ya buga da hannunsa. Shi ya sa kofin jirgin da ba a taɓa sauya wa komai ba ya zama kamar gadonsa, kowace shekara a gidansa yake kwana.

Sai dai tsohon ƙasa ba ya son wahala. Da ƙanƙara ta narke, sai Lorne ya rataye jirgin da manyan ɗamaru a cikin ruwa, ya bar shi ya sha ya ƙoshi, har katakon ya kumbura tsagogin su rufe. Bayan haka ma lallaɓa shi yake yi, ba ya wuce tafiyar mutum a ƙasa. Jirgin da aka yi don tsere, rabonsa da gudu tun Angus na da rai.

Abin da Verna ke nema ke nan. Idanunta sun fara mutuwa daga tsakiya. In ta kalle ka fuskarka ce ba ta gani, sai gefe-gefen duniya, su ma likita ya ce ba za su daɗe ba. Tun cikin hunturu ta faɗa masa, ba da wasa ba, cewa tana so ya ba jirgin wuta sau ɗaya tana ciki, kamar yadda ubanta ke yi tana yarinya. Lorne ya ce za a duba. Duk wanda ya zauna da Lorne ya san inda "za a duba" take ƙarewa.

Ya kuwa duba ɗin, irin nasa dubawar. Ya je ya sami abokinsa Murray Beckstead, ɗaya daga alƙalan gasar kuma ɗan kwamitin gidan tarihin jirage, ya yi alkawarin ba su jirgin kyauta da zarar an tashi daga baje kolin bana. A ganinsa ya yi dabara: katakon ya tsira, sunan Angus ya dawwama, Verna kuma za ta ji daɗin da zai mantar da ita zancen gudu. Bai faɗa mata ba, so yake ta ji a lasifika a gaban jama'a. Mutumin kirki ne Lorne, ba mai musu, amma a wannan karon bai tsaya ya tambayi kowa ba, har da kansa.

Da sassafe ranar suka ɗaure jirgin a dakalin katako, a gurbin da aka saba ba su. Ya buɗe mata kujerarta ta naɗewa, ya miƙa mata filas ɗin shayi, ya gyara mata malfa, sannan ya zaro tsummansa mai laushi daga aljihun baya ya duƙa.

"Tsoho, goge shi kake yi ko lallashi?" ta ce. "Tun ɗazu nake jin tsumman nan yana kai da komowa."

"Raɓa ce ta sauka."

"Raɓa! Jirgin ruwa ne fa, Lorne. Don ya jiƙe aka yi shi."

"Ƙasansa aka yi don ya jiƙe, ba samansa ba."

"To Allah ya ba ka haƙuri." Ta kurɓi shayi. "Yau fa? Za ka ba shi wuta?"

"Bari dai alƙalai su gama tukuna."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara ba ki tambaya ba."

"Ban tambaya ba don ina gani. Yanzu kuwa kunne da fata suka rage min, su kuma ba sa ƙoshi da kallo."

Ya ci gaba da gogar wurin da ya riga ya goge.

Kafin jama'a su cika, ya riƙe hannunta suka haura filin ciyawa inda masu tsofaffin motoci ke jera nasu. Waɗannan su ne 'yan uwan Lorne na tudu, ciwonsu ɗaya. Mota an yi ta don titi, amma a bayan tirela aka kawo ta, a rufe ruf, aka sauke ta a hankali kamar mai jego. An shimfiɗa madubai a ƙarƙashinta don a ga ko cikinta ba ƙura. Wani dattijo ya durƙusa yana sakace tayar motarsa da buroshin haƙori, matarsa na riƙe masa da lema, shi ba ita yake tausayi ba, fentin yake tausayi. Kowace mota da ɗan allonta a jikin gilashi: a kalla, kada a taɓa.

A ƙarshen layi wata mai zane ta kafa rumfa ta rataye hotunanta. Verna ta ji ƙamshin fenti ta tsaya.

"Me ta zana?"

"Motoci ne. Irin waɗannan na filin."

"Suna me?"

Lorne ya bi hotunan da ido ɗaya bayan ɗaya. "Gudu suke. Wannan tana shan kwana, ƙura ta tashi. Wancan direban har gyalen wuyansa ya miƙe."

"Duka?"

"Duka."

"Ka ji," in ji Verna. "Su ajiye ta gaske a kan ciyawa, su sayi mai gudun su rataye a falo."

Mai zanen ta yi dariya har da riƙe ciki. Lorne ya yi yaƙe, ya ja matarsa suka sayi dafaffiyar masara da man shanu, suka koma bakin ruwa.

Can sai ga Murray da sauran alƙalai, fararen wanduna, hulunan kaba, kowa da 'yar tocila da madubi a bakin sanda. Murray ƙato ne mai tumbi, muryarsa na riga shi isowa ko'ina.

"Verna! Ke kullum ƙara yarinta kike yi."

"Murray, ido ne ya mutu, kunnen na nan. Ina jin ƙarya tun daga nesa."

"Kin ga abin da ya sa ban aure ki ba."

"Ai ba ka samu ba ne."

Ya cire takalmi, don ba a shiga jirgin gasa da takalmi, ya sauka da nishi, ya ɗaga allon daɓe ya haska. Sauran suka leƙo ta kafaɗarsa. Nan fa aka yi tsit. Ga katakon nan baƙi wuluk da tsufa, ga kawunan ƙusoshin tagulla sun yi kore, ga ɗan ruwa kwance a tsakiya wanda bai kai cin yatsa ba. Wani matashin alƙali ya cire hularsa bai sani ba. Lorne na tsaye a dakali, hannu a baya, wani daɗi na ratsa shi tun daga ƙafa. Wannan shirun shi ne abin da yake jira shekara guda cur, kuma ya san haka, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da Murray ya fito, ya matso kusa da kunnensa. "Mutumina, an shirya komai. Bayan an ba da kofi zan sanar. Ta sani?"

"A'a."

Murray ya ɗan kalle shi, ya kalli Verna, ya sosa ƙeya. "To, kai ka san matarka."

Rana na tsaka aka ba da kofuna. Na Lorne bai ba kowa mamaki ba. Sannan Murray ya gyara murya a lasifika ya ce yana da albishir: iyalin Tackaberry sun ba gidan tarihi jirgin Angus Pirie, daga gobe ba zai ƙara taɓa ruwa ba, jikoki da tattaɓa kunne za su gan shi yadda mai shi ya bar shi. Tafi ya kaure. Attajirai suka yi layi suna girgiza hannun Lorne, wani har da rungume shi. Shi kuwa ta gefen ido yake neman fuskar Verna. Tana zaune yadda ya bar ta, hannuwa a kan cinya, ba ta tafa ba.

Da Murray ya dawo yana share gumi, ita ta fara magana.

"Murray, a ina za ku ajiye shi?"

"A babban zaure, Verna, tsakiya sosai. Za a ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe, fitilu ta sama ta ƙasa. Sunan babanki a allon tagulla, manyan baƙaƙe."

"Da igiya?"

"Wace igiya?"

"Wadda ake zagaye kaya da ita."

"Oh, ai dole. Ja ce, mai kyau."

"Har ni?"

Murray ya yi 'yar dariya ya waiwayi Lorne yana neman agaji. "To, kin san dokar ta kowa ce. Gumin hannu yana cin man katako. Amma za ki riƙa zuwa duk lokacin da kika so, ba mai tambayarki tikiti."

"Na zo na yi me?" Ba ta ɗaga murya ba. "Fitilu da rubutu. Murray, don Allah me zan yi da fitilu?"

Murray ya tuna ana jiransa wani wuri, ya sulale. Lorne ya tsaya riƙe da kofi. Watanni yana juya wannan shawara a ransa, ya tuna da katako, ya tuna da zafi da sanyin zauren, ya tuna har da yadda za a ɗaga jirgin kada ya tsage. Bai taɓa tuna cewa matarsa da hannu take gani yanzu ba.

"Verna, na ɗauka za ki..."

"Na san abin da ka ɗauka. Kama ni, ina so na yi sallama da shi."

Ya ajiye kofin ya kai ta bakin dakali. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta miƙa hannu har ta sami hancin jirgin. Ta fara shafa shi a hankali, tana bin layin katako da yatsu, tana jan gwiwa tana matsawa baya. Ta tsaya a kan murfin inji inda rana ta gasa, ta bar tafinta a wurin. Ta wuce gilashin gaba, ta sami wani ɗan lotsawa a gefen mazauni, ta zagaya shi da babban yatsa. Sai ta daina motsi, ta karkata kai.

"Me kake yi a bayana?"

Lorne ya dubi hannunsa. Tsumman na ciki. Bai san lokacin da ya zaro shi ba. Tun daga hancin jirgin yake biye da ita a duƙe, duk inda ta ɗaga hannu sai ya bi ya share sawun yatsunta, kamar yadda yake yi wa kowane baƙo da ya yi karambani. Katakon na ta sheƙi a bayanta, ba alamar wani ya taɓa shi.

"Goge ni kake yi," ta ce.

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. A hankali ta faɗa, kamar mai ba da labarin abin da ya faru da wasu. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

"Ranar da ka zo neman aurena," ta ce, "Baba ya ga yadda ka ajiye kofin shayi, ya ce min, wannan yaron ba zai taɓa fasa miki komai ba. Gaskiya ya faɗa. Ba ka taɓa fasa min komai ba, Lorne. Tashe ni, gwiwata ta gaji."

Ya tashe ta. Ya cusa tsumman a aljihu, ya sake zaro shi, ya rasa inda zai sa shi, ya ajiye a kan kujerarta.

Al'adar baje kolin ita ce, bayan an ba da kofuna sai jirage su fita a layi, su wuce gaban jama'a a hankali har wata jar ganga da ke yawo a ruwa don alama. A nan ake rabuwa. Wanda ya yarda da ƙasan jirginsa sai ya zagaya gangar ya fito fili ya ba shi wuta, jama'a na ihu. Wanda bai yarda ba sai ya karya hagu ya lallaɓa ya koma dakali. Lorne ɗan hagu ne tun da ya gaji jirgin, har an daina kallonsa in ya iso wurin.

Ya taimaka mata ta shiga ta zauna. Ya ɗauko rigar ceto ya zura mata, ya ja igiyoyin ya ɗaure tam, ya sake ja.

"Kai, ka ɗaure ni kamar kayan kasuwa. Lafiya?"

"Doka ce."

"Da can ba dokar?"

Ya tayar da inji. Tsohon ya yi tari, ya kama, ya shiga gurnaninsa mai kauri. Suka kwance igiya suka bi layi.

Tafiyar zuwa gangar ba ta da nisa, amma ta ishe shi tunani. Ya san katakon nan fiye da yadda ya san jikinsa. Ya san ƙusoshin sun gaji, ya san akwai wani allo kusa da ƙashin tsakiya da ke motsi in ka danna shi da ƙafa. In ya ba shi wuta, ko dai ya riƙe ko ya buɗe, in kuwa ya buɗe shi ke nan, ba gyaran da zai mayar da shi na Angus. Gidan tarihi ba za su so fasasshe ba. Sai a sa masa sabon ƙasa ya zama kamar na kowa, shi ma Lorne ya koma kamar kowa, tsohon makaniken da ke da jirgi mai kyau. Ba wanda zai ƙara cire hula. Ya yi ta gaya wa kansa shekara da shekaru cewa amanar surukinsa yake riƙewa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma yau da ya leƙa zuciyarsa sosai, sai ya tarar da kansa a zaune a tsakiya, yana jiran a gaishe shi.

Ya juya ya kalle ta. Ta ɗaga fuska sama kaɗan, tana sauraron injinan da ke gaba suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sake roƙonsa ba, kuma ya gane ba za ta sake ba. Wannan ya fi komai tsorata shi.

Jar gangar ta zo daidai kafaɗarsa. Hannunsa ya fara karya sitiyari hagu da kansa, don ya saba. Ya tsayar da shi.

"Riƙe da kyau, tsohuwa."

"Me?"

"Na ce ki riƙe."

Ya zagaya gangar, ya miƙe hancin jirgin ga buɗaɗɗen ruwa, ya tura sandar totur har ƙarshe.

Injin ya yi wata ƙara da Lorne bai taɓa jin irinta daga gare shi ba. Hancin ya ɗaga sama har ya tare musu gaba, jirgin ya yi rawa kamar zai ƙi, sannan ya kwanta, ya hau kan ruwan ya miƙe. Nauyinsa duk ya tafi. Iska ta fizge malfar Verna ta yi gaba da ita. Sai ya ji ihu a gefensa, siririn ihu na yarinya, daga bakin matar da ta haura saba'in.

"Ƙara! Lorne, ƙara!"

"Ba saura!"

"Wayyo Baba! Haka ne! Haka yake yi!"

Ruwa na dukan ƙasan jirgin, yana jin kowane duka a tafin ƙafarsa. Ya ƙirga su a ransa ba da son ransa ba, yana jiran wanda zai zo da labari. Bai daɗe ba ya zo. Wani ƙas ya tashi a ƙarƙashinsu, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya busasshen kara. Ya dubi ƙasa. Ruwa ya fara tsartuwa ta gefen allon daɓe, siriri da farko, sannan ya yi kauri ya malalo kan yatsun ƙafarsa.

"Kada ka rage!" in ji Verna. Ita ma ta ji.

Ba zai rage ba ko da ba ta faɗa ba, don muddin jirgin na kan gudu a saman ruwa yake, in ya lafa ne zai nutse ciki ya sha. Ya karkata su wajen wani lungu mai rairayi a bayan tsibirin farko, inda ruwan bai kai ƙugu ba. Ido ɗaya a gaba don kada su hau dutse, sauran hankalinsa duk a ƙasa. Ruwan ya rufe daɓe. Ya kai idon sawu. Ya ga 'yan ɓaraguzan baƙin katako suna yawo a ciki suna juyawa, ya kasa ɗauke ido daga kansu. Verna kuwa sai dariya take, bakinta a buɗe, gashinta ya jiƙe ya manne a goshi.

Sai da ya ga farin yashi a ƙarƙashinsu ya ja totur baya. Jirgin ya lafa, ya zame a hankali, ya daki rairayi ya tsaya. Ya kashe inji.

Shiru ya sauko, sai ƙarar ƙarfe mai hucewa da ruwa na lasar katako. Lorne ya sauka cikin tafkin da wandonsa, ya duƙa ya zura hannu ƙarƙashin jirgin yana lalube. Ya same shi. Allon ya rabu da ƙashin tsakiya, ya tsage tsawon hannu, har yatsunsa huɗu suka shige. Ya bar hannun a wurin. Ba zai yi wa kansa ƙarya ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwo irin na mutuwa. Idanunsa suka cika, ya bar su, tunda ba mai gani. Can nesa ya hango jirgin agaji ya taso daga dakali, da wani ƙato mai farin wando a tsaye a gaba yana ɗaga hannuwa.

"Ya fashe?" Verna ta tambaya.

"Ya fashe."

"Sosai?"

"Ba ya komawa yadda yake."

Ta lalubo gefen jirgin, ta bi shi har ta sami kafaɗarsa, ta dafa. "Sannu, Lorne. Na san abin da ka bayar."

Ya gyaɗa kai, ya manta ba ta gani.

Tana zaune ruwa har ƙwaurinta, numfashinta bai gama daidaita ba. Can sai ta juya fuskarta baya, wajen da suka fito.

"To faɗa min. Yaya bayan ya yi?"

"Wane baya?"

"Ruwan da ya bari a bayansa mana. Don shi Baba ya yi jirgin nan. Hunturu guda ya yi yana sassaƙe bayan ɗan ƙaramin, yana cewa kowa na iya yin jirgi mai kyan gaba. In ya kai ƙarshen gudunsa, ruwan kan rabu biyu ya tashi kamar fukafukai, sannan ya haɗu can baya ya yi tudu ɗaya, siriri, fari fat, ya miƙe har inda ido ya ƙare. Ni a durƙushe nake tafiya a mazaunin nan ina kallon baya, Mama na riƙe da rigata. Na juya ɗazu, hazo kawai na gani." Ta matse kafaɗarsa. "Ya yi tudun? Har yanzu yana yi?"

Lorne ya waiwaya. Tafkin ya riga ya rufe, sai 'yan ƙananan igiyoyin ruwa da ke isowa gaɓa suna mutuwa a kan yashi. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, ta ma ba shi kalmomin da bakinta. Ya buɗe baki zai faɗa, ya kasa.

"Ban duba ba, Verna."

"Ba ka duba ba?"

"Ƙasa nake kallo. Tun da muka tashi har muka tsaya, ruwan da ke shigowa nake kallo."

Muryar Murray ta fara isowa ta kan ruwa, yana kiran sunayensu, yana tambaya ko sun haukace ne. Verna ta sauke hannunta daga kafaɗar mijinta, ta bi damtsensa har cikin ruwa, ta zaro masa yatsunsa daga tsagar katakon ta riƙe.

"Mu biyu a jirgi, ido biyu masu lafiya, kuma ba wanda ya gani," ta ce. "Sa masa sabon ƙasa, tsoho, ka yi sauri. Ni na riga na sami nawa. Kai ne ba ka taɓa ganin jirgin nan ba."